Mitsil da Rigar Akuya

Ga ta nan ta kunno kai, ku matsa ku ba ta wurin zama. Kai kuma mai tari can baya, sa hannu ka rufe bakinka, don labarin baƙonka za a yi.

Akwai wani ɗan tsurut wai shi Mitsil. Ƙwayar cuta ne, irin wadda malaman asibiti suke ce wa bairos. Ƙanƙantarsa ta kai in shi da danginsa kaf suka yi taron suna a kan tsinin allura, sai an nemo 'yan cikon wuri. Ba shi da gida, ba shi da murhu, ba shi da tukunya. Ko haihuwa ba ya iyawa, sai ya shiga ɗakin wani ya sa a ƙera masa 'ya'ya. Abin da kawai Allah Ya hore masa shi ne baki, kuma ba ya barin sa ya huta.

"Ni ne Mitsil na Mitsila!" in ji shi kullum. "Ido bai gan ni ba, gado ya san ni! Na kwantar da ƙato ban ɗaga hannu ba! Na sa mai gari neman bargo da rana tsaka!"

Ranar da labarin nan ya soma, wannan gwarzo namu yana maƙale a bakin moɗa, kusa da randar wani gida, yunwa tana cin sa, rigarsa ta bushe ta tsattsage. Da rana ta ƙara ɗagawa kaɗan, da shi ke nan, babu tatsuniya. Sai ga Gwaggo Ladingo ta shigo gidan rabon goron biki.

Ladingo ita ce mai guɗar unguwa. In ta kama hanci ta rangaɗa, kajin unguwa ta uku sai sun watse. Ta ɗauki moɗa tana hira da matar gidan.

"Ke dai bari, Yalwa," in ji ta. "Tasalla fa ni na goya ta tun da uwarta ta rasu. Ranar da za a kai ta ɗakinta, wallahi sai an ji guɗata a bakin kasuwa. Duk garin nan zai hallara."

Mitsil ya kasa kunne. Duk gari a wuri ɗaya? Ga kuma maƙogwaro mai feshi har bakin kasuwa? Nan take ya ƙulla abin da zai yi. Zai shiga jikin Ladingo, ya cika maƙoshinta da 'ya'yansa kafin ranar biki, in ta saki guɗa su hau iskar su sauka a hancin kowa. Ladingo ta kafa kai ta sha ruwa, Mitsil ya bi.

To, jikin mutum birni ne. Akwai ɗakuna jere ba iyaka, kowane da uwar ɗakinsa da masu aikinta, akwai kuma tituna da ruwan jiki ke bi. Birnin yana da masu gadi, kuma wata al'ada gare su da Mitsil bai sani ba. Bai yi nisa ba ya ji wani abu ɗaf a gadon bayansa. Ya waiga, sai ga wani gajere riƙe da ƙwaryar danƙo.

"Kai, wane irin rashin kunya ne wannan?" in ji Mitsil. "Ka san ko ni wane ne?"

"Ban sani ba, ban kuma tambaya ba," in ji gajeren. "Ni ne Manne. Ni da 'yan uwana duk wanda ya gifta sai mun manna masa. Ko uwata ce ta wuce sai ta sha. Yi gaba, kana tare min hanya."

Mitsil ya raɓe gefe yana kallo. Gaskiya ne kuwa, kowa sha yake yi, ɗan gari da baƙo, har bangon ɗakuna. Amma a bayan su Manne akwai wani tsoho mai raunin ido, ana ce masa Baba Gogau, yana tafe da tsumma. In ya iske mutum sai ya kama gefen rigarsa ya ɗanɗana da harshe. In ya ji ɗanɗanon gida, sai ya goge danƙon ya ce, "Wuce, ɗan gida." In bai ji ba, sai ya yi gaba abinsa kamar bai ga kowa ba.

Ana haka sai ga wata ƙwayar cuta, ƙatuwa, ta shigo tana taƙama. Manne ya manna mata. Gogau ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, ya wuce. Ashe danƙon nan in aka bar shi kira yake yi. Ɗaya ya kira wasu, wasun suka kira wasu, kafin ka ce me an lulluɓe ta. Sai ga wasu 'yan uwan juna, 'Yan Huji, sun hau bayanta sun yi da'ira, suka kafa kai suka ɓula ta, fus! Ruwa ya shige ta, ta kumbura ta fashe. Daga nan ƙasa ta soma girgiza, ga wani dodo ya taho yana jan tumbi. Haɗiyau ke nan. Ya kwashe abin da ya rage a loma guda, ya yi gyatsa.

Gwarzon da ke kwantar da ƙato ya ƙara lafewa a jikin bango. Ga danƙo a bayansa ya fara kiran 'yan uwa, ga rigarsa ba ta da ɗanɗanon kowa.

Ya waiga hagu ya waiga dama, sai ya hango wani ɗaki da ƙugiya a ƙofarsa. Irin ɗakunan nan ne da aikinsu shi ne su kamo duk abin da ke ɗauke da danƙo, su ja shi ciki a bincika. Kowane baƙo gudun ƙofar yake yi. Mitsil ya gyara tsummansa ya nufe ta kai tsaye.

"Salamu alaikum, uwar ɗaki!"

"Wa alaikumus salam. Wane ne?"

"Wanda ake tuhuma ne, Hajiya. Manne ne ya ce in kawo kaina a bincike ni. Ga shaidarsa nan a bayana."

Uwar ɗaki ta leƙo tana mamaki. "Kai ka kawo kanka? Da ƙafarka?"

"Ni mutum ne mai bin doka," in ji Mitsil. "Haka aka rene mu a gidanmu."

"Allah Sarki, da kowa irinka ne ai da mun huta," in ji ta. Ta sa ƙugiya ta kama danƙon, ta jawo shi ciki, ta rufe ƙofa.

Danƙon da aka manna masa don a kashe shi, shi ya zame masa mabuɗi. Yana shiga ya tuɓe tsumma, ya wuce madafa, ya haye kujerar uwar ɗaki, ya tafa wa masu aiki.

"Ku ajiye abin da kuke yi. Daga yau girki ya canza. Ku dube ni da kyau, irina za ku riƙa ƙerawa."

"To binciken fa?" in ji uwar ɗaki.

"Na bincika, Hajiya, ba ni da laifi. Miƙo min abinci."

Da gari ya waye Ladingo ta tashi tana gyaran murya. "Tasalla, ɗan ɗumamo min ruwa da citta, kamar ƙaiƙayi a wuyana."

A ciki kuwa ɗaki ya cika maƙil da ƙananan Mitsil, kowane tsirara, kowane da bakin ubansa. Saura fita. Titi na nan cike da su Manne. Mitsil ya zagaya ɗakin yana shafa bango. Bangon ɗakunan birnin nan ba na laka ba ne, wani irin zane ne mai taushi, kuma shi ne abin da 'yan gari suke sawa. Ya lasa, ya ji ɗanɗanon gida. Ya duba da kyau, ya ga an ɗinka 'yan layu a jikinsa jere.

"Hajiya, waɗannan layun na mene ne?"

"Na hana huji ne," in ji uwar ɗaki, murya ta dishe don wahala. "In 'Yan Huji suka yi kuskure suka hau bangona, layar ce take hana su rufe da'ira."

"Madalla. Ara mana bangon."

Bai jira amsa ba. Ya jingina da zanen ya yi ta turawa, zanen ya naɗe shi, ya tsinke ta baya, sai ga shi a titi cikin sabuwar riga har da layu. 'Ya'yansa suka bi sahu, kowa ya yagi rabonsa, har ɗakin ya koma kamar rariya.

Ɗaf! Manne ya manna masa. Mitsil ko waigawa bai yi ba, sai ma ya ɗaga murya.

"Baba Gogau! Barka da aiki, Baba. A taimaka wa yaro."

Tsoho ya lallaɓo, ya kama gefen rigar ya lasa. "Ɗan gida ne. Yaro, kai na wane gida ne? Ban gane muryar ba."

"Haba Baba, ni ne fa jikan gidan nan na bayan Maƙoshi. Kai ka goge min danƙona na farko ina jariri."

"Ashe kai ne ka girma haka! Allah Ya raya." Ya goge shi tas.

"Baba, ga wani nan a kafaɗa, ka bar saura. Yauwa. Ga kuma ƙannena nan a baya, su ma a duba su."

Tsoho ya wuni yana goge ɓarayi yana sa musu albarka.

Can gaba wani daga cikin 'ya'yan ya makara ba a goge shi da wuri ba, 'Yan Huji suka haye shi. Na farko ya kafa, na biyu ya kafa, suka jeru, saura autansu ya shigo a rufe da'ira. Auta ya zo zai shiga, laya ta tokare shi. Ya koma ta wancan gefe, laya ta tokare shi. Suka sauka suna ba da haƙuri. "Yi mana afuwa, ɗan gida, ba mu lura ba."

"Ku riƙa lura," in ji Mitsil, yana kakkaɓe ɗan nasa. "Don dai ni mai haƙuri ne."

Abin bai ishe shi ba sai da ya je har inda Haɗiyau yake kwance. Shi Haɗiyau, duk girman nan nasa, bai cika son tuwo gaya ba. Abin da babu danƙo a jikinsa sai ya yi ta shinshina yana juyawa. Mitsil ya tsaya daidai ƙarƙashin hancinsa ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, an samu an karya kuwa?"

"Ina fa," in ji Haɗiyau. "Tun safe nake jin kamar akwai baƙi a garin nan, amma ban ga miya a jikin kowa ba."

"Kai, abin tausayi. Babba kamarka da yunwa. In na ga wani baƙo zan aiko maka da shi."

Ya juya yana rangaji yana kirari ƙasa-ƙasa. "Mitsil na Mitsila! Mai gadi ya wanke ni, dodo ya gaishe ni! Na ci gida, na sa bangon gida!"

Da gari ya waye Ladingo ta kasa tashi. Jiki zafi rau, murya ta tafi, sai raɗa. Tasalla ta sa ta a keke ta kai ta asibitin unguwa. Malamar asibiti ta duba maƙoshi ta ce, "Bairos ne, Gwaggo. Ga maganin rage zazzaɓi. Sauran aikin jikinki ne zai yi shi. Ki huta, ki sha ruwa, kuma ki daina magana."

A hanyar gida Ladingo ta fashe da kuka ba sauti. Tasalla ta ce, "Gwaggo, in muryar ba ta dawo ba sai a kira Ta Annabi ta yi guɗar, ai ba komai."

Ladingo ta harare ta, ta raɗa, "Ta Annabi? Mai guɗa kamar an taka kyanwa? Na goya ki, na yaye ki, sannan wata ta yi miki guɗa ina zaune? Allah Ya kiyaye." Tsoro ne fal a ranta, don ta san ba za a sake aurar da Tasalla a gabanta ba.

A ciki kuwa Mitsil ya ga 'ya'yansa sun yi wa Baba Gogau yawa, tsumma ɗaya ba ya isa. Sai ya shiga wani ɗakin ya sa masu aiki su ƙera masa Gogau na jabu. Suka fito da yawa, kowane da gemu da tsumma, sak tsohon, sai dai su ba sa ɗanɗana komai. Duk abin da Manne ya manna sai su goge, har su ce masa, "An ce ku tashi haka nan, yau babu aiki." Manne ya yi ta mannawa, ana gogewa, ya yi ta mannawa, ana gogewa. Titunan birni suka yi fes, ba a taɓa ganin tsabta irin wannan ba. Garin yana ci da wuta, masu gadi suna yaba wa juna.

Amma akwai wasu masu gadi da ba sa zuwa da wuri, 'Yan Ganau. Su sai sun zauna sun koyi kamannin ɓarawo tukuna, shi ya sa suke daɗewa. Rigar Mitsil ta rufe ko'ina ban da hancinsa, don da hancin yake buɗe ƙofofin ɗakuna, dole ya bar shi waje. Hancin nan 'Yan Ganau suka haddace. Rannan Mitsil yana shan iska sai ya ga an cafke ɗansa ta hanci ana ihu, "Ga shi nan! Ga shi nan!" Inda duk Ganau ya yi ihu, su Manne ba mannawa suke yi ba, juye ƙwaryar suke yi gaba ɗaya. Gogau na gaske da na jabu duk suka kasa. Haɗiyau ya tashi zaune, ya ɗaura kallabi a wuya.

Mitsil ya tara 'ya'yan da suka rage. "Kada wani ya ce gudu za mu yi. Mitsil ba ya gudu. Hutu za mu je, mu dawo ranar biki."

Ladingo tana da akuya mai suna Kyalla, wadda take ji da ita kamar 'ya. Da ta ɗan ji sauƙi sai ta lallaɓa ta dama mata dusa, ta tsuguna tana riƙe da ƙwaryar. Mitsil ya sosa mata hanci ta ciki. Ladingo ta yi atishawa a fuskar Kyalla, shi da 'ya'yansa suka ƙetare.

Ku lura da nan wurin, don nan ne sa'a ta cuce shi. Da ya faɗa hancin akuya, daidai ƙofar wani ɗaki ya sauka. Ya sa hanci ya murɗa ya shige, bai taka titi ba, bai gamu da masu gadin garin akuya ba. Saboda haka bai koyi komai ba.

A garin Kyalla Mitsil ya yi ƙiba. Ya hayayyafa har ya fi da. Masu aikin ɗakin garaje gare su, wajen ƙira suka karkace masa hanci kaɗan, ya duba ya ga ya dace. "Yauwa! 'Yan Ganau su zo su gane wannan in sun isa." Sannan ya juya ga bango, sai ya riƙe baki. Zanen garin akuya ba irin na Ladingo ba ne. An yi masa ado da wasu 'yan duwatsun sukari, sai ƙyalli suke yi tun daga sama har ƙasa, ga layu manya-manya.

"Ashe tsumma nake sawa ban sani ba," in ji Mitsil. "Wannan ita ce rigar zuwa biki."

Uwar ɗakin akuya, duk da ya cinye mata gida, sai da ta ce, "Malam, wannan zanen gidanmu ne fa. Ban sani ba ko ana sa irinsa a wani gari."

"Ke me kika sani, mai cin dusa? Riga riga ce. Tsohon da ke dubawa can ko gabansa ba ya gani. Ni da na sa shi ya wanke ni da hannunsa?"

Ya naɗe cikin zanen ya fito yana walƙiya, rundunarsa duk ta yi anko.

Da gari ya waye ranar biki ce. Gida ya cika, ana ta sauke tukwane. Ladingo ta warke, murya ta dawo, sai dai tana ta tattalinta, ko gaisuwa da hannu take amsawa. Kafin ta yi wanka ta leƙa wajen Kyalla, ta kama fuskarta da hannu biyu.

"Yau ba ruwana da ke, 'yar nema. Ki yi haƙuri sai gobe."

Kyalla ta yi furrr a fuskarta. Mitsil da rundunarsa suka koma jikin Ladingo.

Suka sauka bakin Maƙoshi cikin jerin gwano. 'Yan Ganau da suka kore su suna nan tsaye. Suka dubi hancinsa, suka dubi juna, suka kauce. Mitsil ya buɗe hannuwa.

"Mitsil na Mitsila ya dawo! Na tafi da hanci na dawo da wani! Yau zan hau guɗa in sauka a hancin gari!"

Ɗaf! Manne ya manna masa.

"Manna da kyau, yaro, kada ka ɓata min ado. Baba Gogau! Ina Baba? Jikanka ne na bayan Maƙoshi, na dawo daga tafiya!"

Tsoho ya lallaɓo da fara'a. Ya kama gefen rigar ya kai harshe. Ya yamutsa fuska. Ya sake lasa. Sai ya tofar da yawu.

"Tir! Wa ya shigo da akuya garin nan?"

"Haba Baba, turare ne na can inda na je."

"Ni ba na goge dabbobi," in ji Gogau. Ya saɓa tsummansa ya yi gaba.

Mitsil bai gama haɗiye wannan ba sai ya ji motsi daga inuwar wani bango. Wasu tsofaffin 'Yan Ganau ne, waɗanda bai taɓa kula da su ba, don tun zuwansa na farko a zaune ya same su suna gyangyaɗi. Su ba ruwansu da hancin kowa. Abu ɗaya suka sani a duniya, sukarin nan mai ƙyalli, wanda babu jikin ɗan Adam da yake yin irinsa. Tun Ladingo tana rarrafe suke zaune suna jiran wanda zai shigo da shi. Yau ga runduna guda ta yi anko da shi, tana tafe a tsakiyar titi tana kirari.

Babbansu ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara. "Jama'a, ku tashi. Allah Ya amsa."

Suka yi musu caa. Ba ta hanci suka kama ba, ta ko'ina, don rigar duk sukari ce. Suna ihu, su Manne suna juye ƙore. Danƙo ya kira danƙo, har walƙiyar ta ɓace. Mitsil ya nemi Gogau na jabu, babu ko ɗaya, don bai samu shiga ɗaki ba balle ya sa a ƙera. 'Yan Huji suka haye bayansa suka soma jeruwa.

"Ku dakata! Ba ku ga laya ba?" Ya ɗaga musu wata ƙatuwa. "Ga ta nan, ta fi taku girma!"

Auta ya karɓa ya jujjuya ta. "Yaya, ka iya karatun akuya?"

"Ban iya ba," in ji babban. "Shigo mu rufe."

Auta ya shiga. Fus!

Ƙasa ta girgiza. Haɗiyau ya iso, ya dubi titi cike da abinci, hawaye ya zo masa. "Ga tuwo, ga miya, har da zaƙi a kai. Ashe ni ma an gayyace ni bikin." Ya soma kwasa da hannu bibbiyu. Yana ci ya hango Mitsil. "Kai ba kai ne ka ce za ka aiko min da baƙo ba? Na gode, ka cika alkawari. Tsaya nan in zo mu gaisa."

Mitsil bai tsaya gaisuwa ba. Riga a ɓule, ruwa na shiga, danƙo ya rufe masa ido ɗaya, ya ja jiki ya haye can saman maƙoshi ya maƙale a jikin belu. Ya leƙa ƙasa, babu ɗa ko ɗaya da ya rage. Haɗiyau ya gama, ya ɗaga kai, ya miƙo hannu.

A waje kuwa an fito da amarya. Tasalla tana lulluɓe, ƙawaye sun riƙe ta, mata sun cika ƙofar gida har titi. Ta Annabi ta matso tana gyaran murya, ko da za a buƙace ta. Ladingo ta sa gwiwar hannu ta kauda ta. Ta dubi yarinyar da ta goya, idonta ya cika. Ta ja numfashi, ta kama hanci, ta saki.

"Ayyururuiii!"

Kaji suka watse. Masu awo a bakin kasuwa suka ɗaga kai. Tasalla ta fashe da kuka da dariya a haɗe cikin mayafi, ta laluɓo hannun Ladingo ta riƙe gam.

Mitsil kuwa burinsa ya cika, ya hau guɗa. Iskar ta fizge shi daga belu ta yi sama da shi, shi kaɗai tilo, ba ɗa ba jika. Ya wuce ta kan duk hancin da ya yi mafarkinsu, yana kallonsu suna wucewa ƙasa, bai taɓa ko ɗaya ba. Ya je ya faɗi tim a kan katangar bayan gida, cikin rana. Mutanen biki suka ci suka sha suka watse, ko mai tari ɗaya ba a samu ba.

Ya daɗe kwance. Can ya tashi zaune ya duba hujin da ke bayansa, iska tana shiga tana fito.

"Ƙofar shan iska ce," in ji shi. "Ni na sa aka yi min, garin nan zafi gare shi. Kuma wa ya taɓa hawa guɗa in ba Mitsil ba? Dama bikin bai yi min ba, abincin babu gishiri."

Sai ga wani zakara da guɗar ta koro ya sauka kan katangar yana haki. Mitsil ya dube shi sama da ƙasa, ya dubi gashin wuyan nan mai sheƙi. Ya share danƙon idonsa, ya ja rigarsa ya rufe hujin, ya matsa kusa.

"Salamu alaikum, Malam mai jar hula. Don Allah tambaya nake yi. A garinku wace irin riga ake yayi?"

Nan tatsuniya ta naɗe tabarmarta, kan ɓera ya sha da ƙyar. Kai mai tari, tashi ka wanke moɗar nan kafin wani ya sha.